Sharhi a kan Darasin Rabon Gaɓa da Danni a Harɗaɗɗun Kalmomin Harshen Norwe

1.0 Gabatarwa

A darasin kwatanta tsarin sautin harsuna, ɗaliban shekara ta uku sun zaɓi harshen Norwe domin su gwada shi da Hausa. Zaɓin ya yi kyau, domin harshen Norwe yana cikin ƴan tsirarun harsunan Turai da ke bambanta kalmomi da karin sauti. Sai dai kusan dukkan ayyukan da aka kawo sun dogara ne da wata taƙaitacciyar takardar darasi mai shafi biyu, wadda ɗalibai suka yi ta kwafa a tsakaninsu, ba ta ma ɗauke da sunan marubuci. Abin da ta koyar bai wuce ƙa'idoji biyu ba. Ta farko, ana raba gaɓoɓin harɗaɗɗiyar kalma daidai inda aka haɗa ɓangarorinta. Ta biyu, danni yana sauka a kan gaɓar farko ta kalmar.

Da danni muna nufin fifita wata gaɓa a kan ƴan'uwanta wajen furuci, ta yadda za ta fi su tsawo da fitowa fili. Wannan sharhi zai auna ƙa'idojin nan biyu da misalai. Akwai gaskiya a cikinsu, amma an cakuɗa abubuwa uku da ya kamata ɗalibi ya riƙe su dabam dabam, wato yanka kalma a ƙarshen layi, da gaɓar furuci, da kuma karin sauti. Illar ba ta tsaya ga harshen Norwe ba, domin wasu ɗalibai sun ɗauko wannan awo sun ɗora wa Hausa, har suka rubuta cewa kalmar dafa-duka tana da danni a gaɓar farko.

2.0 Abin da takardar ta yi daidai

A harshen Norwe ana rubuta harɗaɗɗiyar kalma a dunƙule, ba tazara ba karan ɗori. Daga hus 'gida' da tak 'rufi' ake samun hustak 'rufin gida'. Ɓangaren ƙarshe shi ne kan kalma, shi ke ba ta jinsi, saɓanin Hausa inda kai ke zuwa da farko kamar a gidan waya. Takardar ta bayyana wannan sarai. Ta kuma kawo sanannun misalan da ke nuna haɗarin rubuta ɓangarorin a rabe:

(1) røykfritt 'ba a shan taba a nan' / røyk fritt 'sha taba son ranka'
(2) ananasbiter 'gutsattsarin abarba' / ananas biter 'abarba tana cizo'

A furuci ma haka abin yake: babban danni ɗaya tak ake ji a kalmar da ke hagu, a dama kuwa kowace kalma da nata. Iyakar abin da za a yaba wa takardar ke nan.

3.0 Yanka kalma a ƙarshen layi ba shi ne rabon gaɓa ba

Misalan da takardar ta kira "gaɓoɓi" duk an ɗauko su ne daga ƙa'idojin rubutu, wato inda ake sa karan ɗori idan kalma ba ta shiga layi ba. Ba abin mamaki ba ne da ɗalibanmu ba su lura da wannan ba. A Hausa abubuwan biyu kusan kullum sun dace da juna: sal-la, ma-ka-ran-ta, tsun-tsu. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai, baƙi da gajeren wasali, ko baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da baƙi, saboda haka hannu da baki ba su cika saɓawa ba. A lakkol kuma an koya mana yanka kalmar Faransanci a ƙarshen layi da sunan rabon gaɓa. Mun taso ke nan muna ɗaukar abu biyu a matsayin ɗaya.

A harshen Norwe hujjar raba su tana nan a cikin ƙa'idojin rubutun kansu. Kalmar huset 'gidan' ana iya yanka ta hu-set, ana kuma iya yanka ta hus-et, domin a ware ɗafin -et daga saiwa. Duka biyu karɓaɓɓu ne a rubuce. A baki kuwa hanya ɗaya ce, s tana fara gaɓa ta biyu, t ɗin ƙarshe ma ba a furta ta. Idan rubutu ya yarda da yanka biyu alhali furuci ɗaya ne, to lalle yankan ba hoton gaɓa ba ne.

Wani misalin shi ne na baƙaƙe uku iri ɗaya. Idan buss 'bas' ta haɗu da stasjon 'tasha', ana rubuta busstasjon da s biyu, amma idan kalmar ta faɗo a ƙarshen layi sai s ta ukun ta dawo: buss-stasjon. Haka topp da punkt ke ba da toppunkt da topp-punkt. Jamusanci, tun gyaran rubutu na 1996, yana barin ukun duka a jere. Wannan shawara ce ta masu tsara rubutu, ba ruwan harshe da leɓe a ciki.

To amma shin iyakar ɓangarori ba ta da tasiri a furuci? Tana da shi ƙwarai, kuma a nan ne takardar ta bar ɗalibi da yunwa, domin ta faɗi sakamako ba ta nuna hujja ba. Ga abin da kunne ke kamawa. A huske 'tuna' wasalin u gajere ne, domin s ta rufe gaɓar. A huskatt 'kyanwar gida' haruffa huɗun farko iri ɗaya ne da na huske, amma u dogo ne, kamar yadda yake a hus ita kaɗai. Tsawon wasalin shi ke shaida wa mai sauraro cewa akwai iyaka bayan s. Akwai ƴan kalmomi tilo masu dogon wasali gabanin sk, kamar påske 'bikin Ista', saboda haka alama ce mai ƙarfi amma ba hukunci ba.

Alama ta biyu ita ce hucin iska da ke biyo bayan p, t, k a farkon gaɓa mai danni. Idan s ta gabace su a cikin gaɓa ɗaya, hucin ya ɓace. A hustak ana jin huci bayan t, domin t ce ta buɗe tak. A bosted 'mazauni', daga bo da sted, babu hucin, domin st tare suka buɗe gaɓar. Haruffan st ne a kalmomin biyu, amma iyakar gaɓa ta ratsa tsakaninsu a ɗaya, ta gabace su a ɗayar. Ɗalibi na iya gwada wannan da ƴar takarda a gaban leɓɓansa.

Haka nan haruffan da suka saba wakiltar sauti ɗaya sukan rabu idan iyaka ta shiga tsakani. Jerin skj a kalma tilo sautin sh ne, amma a huskjøp 'sayen gida' s dabam, kj dabam. Jerin ng a kalma tilo ɗan hanci ne guda, amma a vinglass 'kofin giyar inabi' ana jin g sosai a farkon glass. Wanda bai san kalmomin da aka haɗa ba ba zai iya karanta su daidai ba. Mutanen Norwe da kansu suna raha da wannan: brusautomat 'na'urar sayar da lemo' wasu kan karanta ta da gangan bru-sau-tomat, wato 'gada, tunkiya, tumatir'. Haka bidragsyter 'mai ba da gudummawa', idan aka tura s gaba ta koma bidrag-syter, an mai da mai kyauta mai ƙorafi.

Duk waɗannan suna goyon bayan ƙa'idar takardar, kuma da ta kawo su da ta ƙara ƙarfi. Ga inda ƙa'idar ke karyewa. A karin harshen gabas, na Oslo da kewaye, da na tsakiya da arewa, idan r ta haɗu da t, d, n, l ko s, sai su narke su zama baƙi ɗaya da ake furtawa da naɗe harshe. Wannan naso bai san iyakar ɓangarori ba. Kalmar vårdag 'ranar bazara' a rubuce vår-dag ce, amma a bakin mutumin Oslo r ta ɓace, ta bar alamarta a jikin d: [ʋoː.ɖɑːɡ]. Gaɓar farko ta zama buɗaɗɗiya, baƙin da ya fara ta biyu kuwa rabinsa na ɓangaren farko ne, rabinsa na ɓangare na biyu. A ina za a ce iyakar ƙwayoyin ma'ana take a nan? A Bergen da Stavanger da Kristiansand, inda ake furta r a can ƙurya kamar ta Faransanci, wannan naso ba ya aukuwa, r na nan daram a ƙarshen gaɓar farko. Kalma ɗaya, rubutu ɗaya, tsarin gaɓa biyu. Takardar ba ta faɗi karin harshen da take bayyanawa ba, alhali ƙasar tana da rubutattun nau'o'i biyu na hukuma, Bokmål da Nynorsk, amma ba ta da daidaitaccen furuci na hukuma.

3.1 Mahaɗin s

Harɗaɗɗun kalmomi da yawa suna ɗauke da mahaɗi tsakanin ɓangarori, ko dai -s- ko -e-. Mahaɗin yana manne da ɓangaren farko: lands-mann, barne-hage. Wannan ya yi kama da -n da -r na Hausa, waɗanda su ma suke rufe gaɓar ƙarshe ta kalmar farko. Wata ɗaliba ta lura da kamar, ta kuma ƙara da cewa wasali na gajarcewa a harsunan biyu, kuma ta yi gaskiya zuwa wani mataki. Wasalin dag 'rana' dogo ne, amma a dagslys 'hasken rana' ya gajarce, g ma ta koma k, kamar yadda dogon wasalin ƙarshen gida ke gajarcewa a gidan. Bambancin shi ne a Hausa doka ce marar togiya, domin gaɓa ba ta ɗaukar dogon wasali da baƙi a bayansa. A harshen Norwe kuwa sai an bi kalma kalma: årstid 'lokacin shekara' tana riƙe da dogon wasalinta.

Mahaɗin yana kuma nuna yadda aka jera kalma mai ɓangare uku. Ana cewa vinglass ba tare da s ba, amma rødvinsglass da s, domin rød 'ja' da vin sun riga sun dunƙule kafin glass ta zo. Shi ya sa aka fi son yanka ta rødvins-glass.

4.0 "Gaɓar farko" ko "ɓangaren farko"?

Ƙa'ida ta biyu kuskurenta na kalma ɗaya ne, amma babba ne. Babban danni ba ya bin gaɓar farko ta harɗaɗɗiyar kalma. Yana sauka ne a kan gaɓar da ɓangaren farko ke dannawa idan yana shi kaɗai. Marubucin takardar bai ga wannan ba domin duk misalansa sun fara da kalma mai danni a gaɓar farko. Dubi waɗannan, inda manyan haruffa ke nuna babban danni:

(3) baNANskall 'ɓawon ayaba'
(4) poliTIbil 'motar ƴan sanda'
(5) universiTETSbibliotek 'ɗakin karatun jami'a'

A misali na (5) sai an wuce gaɓoɓi huɗu kafin a kai ga dannin. Irin waɗannan ba ƴan kaɗan ba ne, domin harshen cike yake da kalmomin aro daga Latin da Faransanci da Jamusanci. A karkarar gabas da yankin Trøndelag akwai masu janyo dannin kalmomin aro zuwa gaɓar farko, su ce BANnan, amma wannan siffar karin harshensu ce, ba dokar harɗa kalma ba.

Akwai kuma kalmomin da babban danninsu ke kan ɓangare na biyu, kamar skoMAker 'baduku mai takalma', da langFREdag, sunan Juma'ar da ke gabanin Ista, da sunan garin KristianSAND. Waɗannan haddace su ake yi.

Takardar ba ta ambaci ƙaramin danni ba sam, ta nuna kamar sauran ɓangarorin sun zama marasa danni. A harshen Norwe gaɓa mai danni dole ta yi nauyi, ko da dogon wasali kamar tak 'rufi', ko da gajeren wasali da baƙi mai rufewa kamar takk 'godiya', kuma dogon wasali a gaɓa mai danni kaɗai ake samunsa. Tun da wasalin tak bai gajarce ba a hustak, kuma hucin t bai ɓace ba, to ɓangare na biyu yana riƙe da danninsa, an dai rage masa daraja. Abin da ya rasa shi ne karin sautinsa na kansa.

5.0 Karin sauti, wanda aka tsallake

Wannan ne babban giɓin, kuma shi ne sashen da ɗalibin Hausa ya fi kowa shirin fahimta. Gaɓa mai babban danni tana ɗaukar ɗayan kari biyu, waɗanda ake kira Kari na 1 da Kari na 2. A Oslo, na 1 yana farawa ƙasa sannan murya ta hau, na 2 kuwa yana farawa sama ya faɗo kafin ya hau. Da shi ake bambanta ¹bønder 'manoma' da ²bønner 'wake', waɗanda baƙaƙe da wasulansu ɗaya ne a furuci, haka ¹tanken 'tankin' da ²tanken 'tunanin'. A yamma da arewa siffar karin ta sha bamban, a ƙauyukan da ke kewaye da Bergen da wasu sassan arewa mai nisa kuwa babu bambancin gaba ɗaya.

A karin harshen gabas ɓangaren farko ne ke zaɓa wa harɗaɗɗiyar kalma karinta. Idan yana da gaɓa fiye da ɗaya, galibi nasa yake kawowa. Matsalar tana ga mai gaɓa ɗaya. Duk kalma mai gaɓa ɗaya Kari na 1 gare ta idan tana ita kaɗai, amma da ta shiga harɗi sai su rabu gida biyu: ²sollys 'hasken rana', amma ¹brannbil 'motar kashe gobara'. Mahaɗin s yana jawo Kari na 1, mahaɗin e yana jawo na 2, shi ya sa ake da ²landmann 'manomi' da ¹landsmann 'ɗan ƙasa ɗaya da kai'. Misalin da ya fi ban sha'awa shi ne ball. Kalmomi biyu ne masu furuci ɗaya, ɗaya 'ƙwallo', tsohuwar kalmar harshen, ɗaya 'taron rawa', aro daga Faransanci. A ware ba mai iya bambanta su, amma a harɗe ana cewa ²ballspill 'wasan ƙwallo' da ¹ballkjole 'rigar zuwa rawa'.

Masana sun yi saɓani a kan fassarar wannan. Gjert Kristoffersen, a littafinsa The Phonology of Norwegian na shekarar 2000, ya ɗauki Kari na 2 a matsayin mai ƙarin alama, wato yana da karin sama a gaba wanda na 1 ba shi da shi. A 2005 Aditi Lahiri da Allison Wetterlin da Elisabet Jönsson-Steiner suka juya maganar, suka ce Kari na 1 ne ake ajiyewa a jikin wasu kalmomi, na 2 kuwa shi ke zuwa da kansa idan ba abin da ya hana. A ganina ra'ayi na biyu ya fi sauƙaƙa bayanin ball: kalmar aro tana ɗauke da alamar da ba ta bayyana sai ta sami gaɓar da za ta jingina. Amma ra'ayin farko ya fi kusa da abin da kunne ke ji, tun da a furucin Oslo Kari na 2 ne ke da ƙarin motsin murya. Kuma ko wane aka bi, sai an tanadi jerin kalmomin da za a haddace. Ba a neman takardar shafi biyu ta yanke wannan hukunci, amma ya kamata ta gaya wa ɗalibi cewa karin yana nan.

6.0 Komawa ga dafa-duka

A harshen Norwe karin sauti yana rataye ne a jikin danni, kalma ɗaya kari ɗaya, komai tsawonta. A Hausa kowace gaɓa da karinta, na sama ko na ƙasa ko faɗau. Tun ƙamus ɗin Bargery na 1934 ake nuna karin kalmomin Hausa, kuma da kari da tsawon wasali muke bambanta ma'ana. Ban san wasu kalmomi biyu na Hausa da danni kaɗai ya raba su ba, kuma ɗaliban da suka yi da'awar ba su kawo ko ɗaya ba.

Abin da ke faruwa a harɗin Hausa ya kusa zama kishiyar na Norwe. Aikatau dafa yana da karin sama-ƙasa, amma a dafa-duka ya koma ƙasa-ƙasa. Haka hana a hana-salla, inda dogon wasalin ƙarshen salla ma ya gajarce. Kalmar ja karin sama gare ta, amma a jan-baki na kwalliya ta sauka ƙasa, wasalin ƙarshen baki ya gajarce, kuma da wannan ake raba shi da jan baki, wato baki mai launin ja. Gashi sama-ƙasa ne, a gashin-baki ya zama ƙasa-ƙasa. A irin waɗannan kalmomi ɓangaren farko ne ke rasa karinsa, alhali a harshen Norwe shi ke mulkin kalmar duka. Ba kowane harɗi na Hausa ke yin haka ba, farar hula da baƙin ciki suna riƙe da karinsu na asali. Joseph McIntyre ya yi nazarin harɗin da ke farawa da aikatau a littafinsa Hausa Verbal Compounds na 2006, kuma can ya kamata masu wannan aiki su fara.

Ɗaliban da za su sake rubuta aikinsu su ajiye takardar nan a gefe. Su zaɓi karin harshen Norwe ɗaya su faɗi sunansa, su saurari kowace kalma daga bakin mai harshen kafin su sa mata alama, su kuma ware layi uku ga kowane misali: yankan rubutu, gaɓoɓin furuci, sannan danni da kari. A ɓangaren Hausa layi na uku zai ɗauki kari da tsawon wasali kawai, sai fa in wani ya zo da tagwayen kalmomin da danni ya raba.